Shirun Heluma Pyo

Tsibirin Koje, farkon Afrilu, 1985

Maman Mi-ok,

Na iso lafiya. Ina fata kuna lafiya ke da Inna da yarinya. Yaya gwiwar Inna? Na ga tana ɗingishi ranar da zan taho, tana ɓoyewa don kada in gani. Ki kai ta wurin mai allurar nan na kasuwar Yongju, kada ki saurari "na warke" ɗinta. Ni ƙalau nake, ban da tarin hayaƙin walda, shi kuma kin san ya zama ɗan gida.

Ki gaya wa Mi-ok na ga sakamakon lissafinta, ban ji daɗi ba. Ta rage sauraron rediyo. Itatuwan tuffa na gefen rafi ba a rage musu rassa yadda na ce ba, ki sa a sake.

Kin yi ta tambayata abin da ya sa na katse hutuna na taho da wuri. Jirgin da muke ƙerawa ne, lokacin miƙa shi ya matso, ni kuma heluma ne, hankalina ba ya kwanciya in na bar masu waldata babu ido a kansu. Yanzu ina cewa da na zauna hutun ya ƙare.

Da na sauka daga mota da yamma ban wuce masauki ba, na biya ta shagon Madam Yo, bazawarar nan mai miyar kifi da nake ba ki labari. Abin da ya faru a can ba zan iya rubuta shi ba. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Na ɗauka na san ko ni wane irin mutum ne. Tun ranar ko madubin aski ba na son kallo, kuma da kika faɗo mini a rai sai na ga ke ma ban san da wane ido zan dube ki ba. Kada ki tambaye ni, kada kuma ki gaya wa Inna.

Mijinki,
Pyo Man-sok

*

Ƙauyen Sunhung, tsakiyar Afrilu

Baban Mi-ok,

Wasiƙarka ta iso, mu duka lafiya. Na kai Inna wurin mai allura. Tun da ya fara soka mata har ya gama zaginsa take yi, amma yanzu tana iya tsugunawa ta wanke shinkafa. Mi-ok ta yi mura ta warke. An sake rage rassan. Ka riƙa shan ruwan ɗumi da zuma saboda tarin.

Ka ce kada in tambaya. Shekara goma sha takwas ina bin "kada" ɗinka, amma wannan ba zan bi ba.

Namiji ya bar matarsa da mahaifiyarsa hutunsa bai ƙare ba. Ya sauka daga mota, ko jaka bai ajiye ba, ya nufi shagon bazawara. Daga baya ya rubuto wa matarsa cewa ba shi da idon kallonta. In kai ne ka karanta wannan, me za ka fahimta?

Tun bara kake yabon miyar kifinta. Tawa ba ka taɓa cewa komai a kanta ba sai ranar da gishiri ya yi yawa. Ban ɗauki abin da zafi ba, na ce mutum yana nesa da gida, gara ya sami inda zai ci mai ɗumi.

Ni ba yarinya ba ce. In abin da nake zato ne, ka faɗa mini da bakinka kafin in ji a bakin matan ƙauye. Ban gaya wa Inna ba, amma ta ga na ƙona shinkafa jiya, tana ta bina da ido.

Ham Kum-nye

*

Ƙauyen Sunhung, tsakiyar Mayu

Baban Mi-ok,

Muna lafiya, in kana son sani. Inna tana tafiya ba sanda. Mi-ok ta ɗan ɗaga a lissafi, ta ce kada in gaya maka sai ta ƙara.

Wata guda ke nan ina tsayawa bakin hanya in na ji keken mai kawo wasiƙu. Har ya fara kau da kai in ya hango ni. Na je shagon bakin titi na kira wayar masaukinku. Wani ya ɗauka ya ce, "Heluma Pyo? Ai kwanakin nan in an tashi daga aiki ba ya dawowa nan, can cikin gari yake wucewa." Na ce ina yake zuwa. Ya ce, "Gara ki tambaye shi da kansa." Mai shagon tana tsaye a gefena tana goge kwalaben da ba su da ƙura.

To, na gane. Shirunka ya ba ni amsa.

Na je gidan Yaya Te-gon na nuna masa wasiƙarka. Ban so ba, amma ba ni da uba, shi ke nan gare ni. Ya karanta ya jefar da tabaransa a kan tabarma. Ya ce da zarar ya gama dashen shinkafa zai zo Koje ya ga matar da idonsa, ya kuma ji daga bakinka. Ka san halinsa. Na gaya maka ne don kada ka ce na yi maka a ɓoye.

Ham Kum-nye

*

Tsibirin Koje, ƙarshen Mayu

Maman Mi-ok,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Na ji daɗin labarin gwiwarta. Jikina lafiya.

Babu wata mace. Ki fara da wannan. Wasiƙarki ta farko tana aljihuna tun da ta zo, na kasa amsawa. Yau ta biyun ta iso, na ga ɓarnar da shiruna ya yi a can ma. Bari in faɗa miki duka.

Ranar da na dawo, da na shiga shagon Madam Yo, na ga takalman mutanena a jere a bakin ɗakin baya. Na ji daɗi. Busasshen tuffan da kika ɗaure mini yana cikin jaka, na ce bari in shiga in raba musu. Ina kai hannu ga ƙofa sai na ji muryata daga ciki.

"Kai! Wannan walda ce ko kashin kaza? Cire! Uwarka ce za ta hau jirgin nan?"

Har da tarin da nake yi a ƙarshe. Bang Dok-su ne, wani mai waldata da ya shekara bakwai a hannuna, mutumin da a gabana ko ɗaga kai ba ya yi. Ɗakin ya fashe da dariya, wani yana bugun tebur. Aka ce, "Jiniya ta tashi, kowa ya kama kansa." Ashe sunana ke nan a wurinsu, Jiniya. Dukansu sun sani, har masu shara.

Sai na ji tsoho Gil. Kin san shi, tare muka fara aiki, ni na tsaya a bikin ɗansa. Ya ce, "Ku ci ku sha, yara. Gobe ce ranar hutunmu ta ƙarshe, jibi Jiniya za ta dawo."

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Amma da dariyar ta lafa, wani ya ce a hankali, "Ni dai wannan satin ne kawai na tafi aiki cikina bai murɗa ba." Ba wanda ya yi dariya. Na ji suna ta cewa "haka ne, haka ne."

Madam Yo ta fito daga kicin da tire ta gan ni tsaye da jaka. Na ɗora yatsa a baki. Ta sunkuyar da kai, na juya na fita. Iyakar abin da ke tsakanina da ita ke nan.

Maman Mi-ok, ni fa na ɗauka suna sona. Na ɗauka suna cewa Heluma Pyo yana da zafi amma ba a mutuwa a hannunsa. Ban san da ciwon ciki suke zuwa ba.

Washegari na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ɗaga murya ba. In na ga walda mara kyau, sai in yi mata alama da alli in wuce. Na zaci za su ji sauƙi, sai suka ƙara tsorata. Gil ya same ni wajen shan ruwa ya ce, "Man-sok, faɗa mini gaskiya, wa za a kora?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Ya tsaya yana kallona, ni kuma na kasa kallonsa.

A cikin wannan hali abin ya faru. Injin ɗaga kaya yana wucewa da wani fallen ƙarfe a sama, iska tana kaɗawa daga teku. Na ga fallen ya karkace, sarƙa ɗaya tana zamewa. Dok-su yana ƙasa ya durƙusa, ya ba da baya, murfin walda a fuskarsa. Na buɗe baki. Da wani ne, da tuni na kwarma ihu. Amma da na ga shi ne, sai na ji muryar nan tawa a bakinsa, da bugun teburin. Na ce a raina bari in matsa in taɓa kafaɗarsa. Ban kai gare shi ba.

Gefen fallen ya sauka a ƙafarsa ta hagu. Likitoci sun yanke gaban ƙafar. Ba zai ƙara hawa jikin jirgi ba. 'Ya'yansa uku, matarsa kayan miya take sayarwa a kasuwa.

Na je na gaya wa jami'in da ya zo bincike cewa na ga abin tun kafin ya faɗo. Ya ce, "Heluma, sarƙa ce ta gaji, ga kuma iska. Ba a hukunta mutum don bai yi ihu ba." Na je wurin manaja na ce a sauke ni daga heluma. Ya ce in dawo da maganar bayan an miƙa jirgi.

Inda nake zuwa in an tashi daga aiki asibiti ne. Ina zama a kan benci a bakin ɗakinsa har a kori masu dubiya. Ban taɓa shiga ba. Matarsa tana wuce ni tana gaishe ni, tana cewa, "Heluma, kana ƙoƙari." Ba ta sani ba.

Ki tsayar da Yaya Te-gon.

Pyo Man-sok

*

Ƙauyen Sunhung, farkon Yuni

Baban Mi-ok,

Muna lafiya. Kai ne nake son jin taka lafiyar. Kana cin abinci kuwa?

Wasiƙarka ta zo da rana, Yaya kuma ya riga ya hau motar safe. Na ruga shagon bakin titi na kira masaukinku, ba wanda ya ɗauka, kowa yana wurin aiki. Na zauna a kan buhun gishirin matar na rufe fuska da hannu. Kafin wannan ta same ka ya riga ya iso, kuma na san abin da zai yi. Ni na tura shi. Na ɗauki sunan matar da ba ta yi mini komai ba na kai gidan yayana, matarsa ta ji, kuma abin da matarsa ta ji kasuwa ta ji. Ban san yadda zan kwaso shi ba.

Maganar Dok-su ba zan ce maka ba laifinka ba ne, don ba za ka yarda ba, kuma ba ka rubuto don in lallashe ka ba. Sarƙar ba kai ka sa ta gaji ba. Ihun kuma kai ne ba ka yi ba. Duka biyun gaskiya ne.

Akwai abin da na daɗe ban faɗa ba. Ka ce ka ɗauka suna sonka. Baban Mi-ok, mu ma muna sonka, amma kwana biyu kafin ka dawo hutu Mi-ok ba ta iya cin abinci. Tana goge takalminka da ke bayan ƙofa, tana ɓoye rediyonta a cikin buhun shinkafa. Inna da ta haife ka tana ɓoye ɗingishi. Ni kuma ina zagaya gidan ina neman abin da za ka fara gani. In ka tafi, ranar mukan ci abinci a zaune yadda muka ga dama, kowa yana magana da abinci a baki. Daga baya Mi-ok ta shiga ɗaki ta yi kuka wai ta yi kewarka. Ban san sunan da ake ba wannan ba, amma haka gidanmu yake.

Da na karanta maganar mutumin nan mai murɗawar ciki ban yi mamaki ba. Wannan ne ya fi ba ni kunya, don na sani tuntuni na bar ka a duhu har ka ji a bayan ƙofa.

Ka tashi daga bencin nan ka shiga ɗakin. Zamanka a waje ba ya warkar da shi, matarsa kawai yake sa ta gode maka a banza.

Matarka,
Kum-nye

*

Tsibirin Koje, tsakiyar Yuni

Maman Mi-ok,

Ina fata kuna lafiya. Ni lafiya, ina cin abinci. Na karanta wasiƙarki. Maganar rediyo a buhun shinkafa ba ta bar ni ba har yanzu.

Yaya Te-gon ya zo. A bakin babbar ƙofa ya tsaya, daidai lokacin tashi, mutane suna fitowa kamar ruwa. Yana hango ni ya cafki kwalar rigata.

"Suruki, ina matar? Ina bazawarar mai miyar kifi? Ƙanwata tana can tana wanke wa uwarka ƙafa, kai kana nan kana shan romo?"

Mutanena suna bayana, dukansu. Wasu daga sauran rukunoni suka tsaya kallo. Na ji wani ya ce, "Madam Yo?" Nan na ga in na yi shiru sunan matar nan ya lalace a garin da take neman abinci.

Na ce, "Yaya, babu wata mata. Laɓewa na yi a bakin ƙofa na ji mutanena suna kwaikwayona, suna kirana Jiniya. Kunyar da na rubuta ke nan."

Ya sake ni a hankali. Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Ba shi ke nan ba. Saboda kunyar nan na daina ihu, har ƙarfe ya faɗo wa mutum ina kallo."

Ban waiwaya ba. Yaya ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. Gil ne ya matso ya kama hannunsa ya ce, "Dattijo, ka sha hanya, zo ka ci abinci." Da zai wuce ta gefena ya ce ƙasa-ƙasa, "Har abin da na faɗa ka ji?" Na ce na ji. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "To." Ya ja Yaya suka wuce.

Daga can na wuce asibiti na shiga. Na sayi akwatin lemo a hanya. Dok-su yana kwance, an rataye ƙafar, ya rame. Matarsa tana fere masa fiya. Ya yi yunƙurin tashi zaune, na ce ya kwanta.

Ya ce, "Heluma, an ce kullum kana waje. Me ya hana ka shigowa?"

Na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa duka, tun daga takalman har zuwa sarƙar. Ya juya fuskarsa ga bango. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ya yi kama?"

Na ce, "Me?"

"Kwaikwayon. Ya yi kama da kai?"

Na ce, "Ni kaina na ɗauka ni ne."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ban sani ba ko dariya yake ko kuka, wataƙila shi ma bai sani ba. Sannan ya ce, "Shekara bakwai kana yi mini ihu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar nan ɗaya da nake buƙata." Bai ƙarasa ba.

Matarsa ta ajiye wuƙar. Ta ɗauki akwatin lemon ta fita da shi ta ajiye a kan bencin da nake zama, ta dawo ta riƙe ƙofa a buɗe. Ta ce, "Heluma, na gode maka sau da yawa a wurin nan. Ka dawo mini da su in za ka iya." Na fita.

An sallame shi shekaranjiya. Na roƙi manaja ya ba shi aikin kula da ɗakin kayan aiki, inda ake zama. Ya ce zai duba. Gil ya bi ni ofishin ba tare da na kira shi ba, ya ce in ba a ba Dok-su ba, rukuninmu ba zai ƙara yin aikin Lahadi ba. Manaja ya ce zai duba da wuri.

A wurin aiki ban san yadda zan yi magana ba yanzu. Jiya na ga wani ya bar igiyar wuta a cikin ruwa, na daka masa tsawa, ya janye. Daga baya na ga walda mara kyau, na kira mai ita gefe na nuna masa. Yana ta jiran sauran faɗan, da ya ga babu, sai ya ce, "Heluma, ko ba ka da lafiya ne?"

Yaya ya kwana a ɗakina ya tafi da safe. Bai iya kallona ba har ya hau mota. Ki ce wa Mi-ok ta fito da rediyonta.

Mijinki,
Man-sok

*

Ƙauyen Sunhung, ƙarshen Yuni

Baban Mi-ok,

Muna lafiya. Yaya ya dawo ya shige gonarsa, ko gidanmu bai leƙo ba. Matarsa na je na samu da kaina, a gaban masu sayar da wake, na ce abin da na faɗa ƙarya ce, kuskurena ne. Wasu sun yarda, wasu sun fi son labarin farko.

Na gaya wa Inna komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ubansa ma haka yake, shi dai ba a taɓa gaya masa ba." Ta sa na sayo ƙashin saniya saboda Dok-su, tun jiya yake kan wuta. Ta ce romonsa yana haɗa rauni, kuma mace ba ta mayar da abin da tsohuwa ta dafa. Ban da tabbas a kan wannan. In matar Dok-su ta mayar, mu sake kaiwa.

Zan taho ranar Asabar da motar safe. Matar Yaya za ta kwana da Inna, ita ma tana da abin da take biya. Ka same ni a tasha, ka sa rigarka mai kyau, ka yi aski.

Gida biyu za mu je. Za mu fara da shagon Madam Yo, a can ni zan shiga gaba, kai ka tsaya a bayana ka riƙe tukunyar romon. Daga nan sai gidan Dok-su. A can ni zan riƙe, kai ka shiga gaba.

Matarka,
Kum-nye